An Soke Takardar Gonarmu Don Inna Ta Yi Kunya

Zuwa ga Malam Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi sauri, domin yadda zuciyata take tafasa a kwanakin nan ina tsoron in aikata abin da zai kai ni gidan yari. Ni nake karanta wa ɗalibaina filinka na jarida duk mako, muna jajanta wa masu kawo kuka, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shigo layi ba. Na sauya sunayen mutane, amma labarin ban ƙara masa komai ba.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ina koyar da manya karatun boko a Gammo ta ƙasar Kabo, amma gidanmu yana bakin hanyar mota tsakanin Getso da Gwarzo. A ce sunana na yanka Ja'afaru. Asalinmu makiyaya ne. Mahaifina, a ce masa Sajo, Allah ya ji ƙansa, sau uku yana share daji ya kafa bukka, da zarar ƙasa ta yi kyau da takin shanunsa sai a ce masa mai wuri ya zo, ya ƙara gaba. A karo na huɗu ya rantse ba za a sake tashinsa ba. Da ya ji ana iya auna wa mutum fili a ba shi takarda mai hatimi a shigar da ita babban littafin rajista, sai da ya shekara biyu yana zirga-zirga tsakanin gida da birni, mutumin da ko ƙarar mota ba ya so. Aka turo safiyo, aka auna gonar, aka kafa turakun siminti huɗu masu lamba. Akwai rijiya a ciki, shi ya haƙa ta da hannunsa.

Sunana ya sa a takardar, don ni ne na yi makaranta. Ranar da aka je rubutawa Baba bai iya faɗin sunan ba, saboda ni ne ɗan fari. Sai da ya tafi da ƙanensa, Bappa Ya'u, shi ya faɗa wa akawu sunan, Baba yana tsaye a gefe yana duban ƙasa. Ka riƙe wannan, Malam, don a nan abin yake.

Kai ka san halin gidajenmu. Shekarata talatin da biyu a duniya, ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Indo, ita ta riƙe ni, shi ya sa duk yankinmu da Na'indo aka san ni. In ka tsaya tsakiyar kasuwar Getso ka yi cigiyar Ja'afaru Sajo, sai rana ta faɗi ba ka sami wanda zai nuna maka gidanmu ba, in ba dagaci ko liman ba. Inna kuwa in dole ta yi zancena, sai ta ce wancan na Gammo.

Gonar nan muna noma ta gyaɗa, mu bi da dawa, mu bi da gero, in ta gaji mu hutar da ita damina ɗaya, da rani Bappa ya kawo shanunsa su zauna a kai su zuba mata taki. Haka Baba ya koya mana, haka kowane manomin kirki yake yi. Bara ita ce shekarar hutun. Ashe a cikin daminar nan wani ma'aikacin duba filaye ya wuce a mota, ya hango ciyawa ta kai ƙugu, ko sauka bai yi ba, ya koma ya rubuta cewa an yi watsi da fili. An yi watsi! Gonar da ko rufe min ido aka yi zan kai ka inda kowane kututture yake.

Daga nan aka turo masinja da takardar gargaɗi, wai mai fili ya zo ya yi bayani. Ya iso da hantsi ranar kasuwa, ina Gammo, Bappa ya kai bijimi Getso, ƙanwata Raliya ta tafi da nono. Inna kaɗai ya tarar a ƙofar gida tana shanya ƙore. Ya tambaye ta ko nan ne gidan Ja'afaru Sajo. Malam, duba min wannan. Sunan ɗanta na fari da sunan mijinta, sunaye biyu da ba su taɓa fitowa daga bakinta ba, baƙon namiji ya haɗa su ya ɗora mata a bakin hanya. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai, ta ce ita ba ta sani ba, ya tambaya a gaba. Ya tambayi wasu mata a bakin rijiya, su kuwa Na'indo suka sani. Shi ke nan ya hau kekensa. Gidan dagaci ba nisa, ana hango shi daga ƙofarmu, bai leƙa ba. Ya koma ya rubuta cewa ba a san mai wannan suna a wurin ba.

Da Bature ne ya zo, da na ce bai san mu ba. Amma masinjan nan Bahaushe ne, uwa ce ta haife shi, ya ga tsohuwa ta rufe baki ta sunkuyar da kai, ka ce min bai gane ba? Wallahi ya gane, rana ce ta yi masa zafi yana son ya koma. Inna kuma ba ta gaya wa kowa an zo ba sai da abu ya riga ya ɓaci, don ta zaci masu neman mutane aikin hanya ne.

Ban san abin da ake ciki ba sai da kaka ta yi. Raliya ta aiko min cewa mota ta sauke sikeli da kwanon rufi da tulin buhuna a gonarmu. Na taho a guje na tarar ana kafa rumfar awon gyaɗa dab da rijiyar Baba. Wai an ba wani mai sayen gyaɗa wurin, a ce masa Alhaji Zailani, ya yi fulotin awo, tunda bakin hanya ne motoci za su ji daɗin lodi. Ya fito min da tasa takardar, sabuwa ƙal, lambar turakunmu ce a jiki. Bai yi min rashin mutunci ba, gaskiya, har ruwa ya sa aka kawo min, ruwan rijiyar ubana. Ya ce shi nema ya yi aka ba shi, in je in ji da ofishin filaye.

Sau uku ina zuwa ofishin a birni. Zuwa na farko aka ce mai fayil ya tafi rangadi. Na biyu na wuni a kan benci. Na uku wani akawu ya buɗe min babban littafin, ya nuna min sunana an ja masa jan layi daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda nake soke kuskuren ɗalibi. Ya ce an liƙa sanarwa a allon ƙofar ofis wata uku, da Turanci, ba wanda ya zo. Na ce masa wa zai taso daga Getso ya zo karatun allonku, alhali bai san ana nemansa ba? Na kwashe zancen Inna na gaya masa. Malam, dariya ya yi, har ya kira na kusa da shi ya maimaita masa. Ya ce doka ba ta san kunya ba, kuma abin da manya suka sa wa hannu ya wuce, babu kotun da za ta taɓa shi. Ban san yadda na fito daga ɗakin nan ban shaƙe shi ba.

Na je wurin dagaci, ya ce shi ya san gonarmu ce, ko a gaban wa zai faɗa, amma fili mai takarda ya fi ƙarfinsa. Na je wurin alƙalin yankinmu, ya ce ba huruminsa ba ne. Wani abokina da ya taɓa aikin tafinta ya ce Babbar Kotu tana iya sa ofis ya kawo fayil ta duba yadda aka yi sokewar. Bappa ya ce kul, talaka ba ya ƙarar hukuma, kuma ni ma ma'aikaci ne, za su kore ni. Samarin danginmu kuwa cewa suke in ba su izini kawai, su tumɓuke rumfar su jefa sikelin a rijiya. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ranar da na kusa cewa to.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai, wanda ban iya gaya wa kowa ba. Ranar da na dawo daga zuwa na uku, na shiga gida raina a ɓace, na tarar da Inna cikin mata, na ce mata kunyarta ta cinye gonar Baba, ta zauna ta ci kunyar tunda ita ta rage mana. A gaban mutane na faɗa, da ƙarfi. Ni da ko ido ba ma haɗawa da ita, ranar da na fara yi mata doguwar magana, wannan na faɗa. Tun ranar ba ta cin abin kirki, ta rame, ta sauke ƙorenta daga inda take jera su ta ɗaure a zane, wai za ta koma gidan yayanta a Lakwaya. Jiya Raliya ta zo min da saƙonta. Ta ce a gaya wa wancan na Gammo, in kotu za a je, a tafi da ita, za ta tsaya gaban alƙali ta faɗi sunayen nan biyu da bakinta, ko da kunya za ta kashe ta a wurin.

Tun da na ji wannan na kasa koyar da aji. Malam, gaskiya ne babu kotun da za ta iya taɓa jan layin nan? In akwai, in je ko in haƙura kamar yadda Bappa ya ce? In na je, dole sai na tsayar da tsohuwar nan gaban jama'a ta yi abin da ba ta taɓa yi ba? In na bar gonar, na bari an tashi Baba karo na huɗu yana kabari. In na bi ta, ina tsoron abin da zan sa Inna. Ka faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Naka cikin damuwa,
Ɗan Fari, daga ƙasar Gwarzo

AMSA

Wa alaikumus salam, Ɗan Fari. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma raina ya ɓaci tare da naka. An yi muku ba daidai ba, ba na shakka. Amma tunda ka ce in faɗa maka gaskiya, zan fara da kai kafin in zo kan ofis.

Inna ba ta yi laifin komai ba. Abin da aka tarbiyyantar da ita a kai ta yi, abin da mahaifinka ma ya yi a gaban akawu, kuma da ka ba ni nasa labarin ban ji ka zarge shi ba. Kai ne mai karatu a gidan. Kai ka san sunan da ke jikin takarda ba shi ake kiranka da shi ba, ka san ba ka zama a gida, amma ba ka taɓa rubuta wa ofis layi biyu ka ce ga inda za a same ka ba. Ina kuma zargin ka naɗe takardar ka ajiye a akwati ba ka taɓa karanta sharuɗɗan da ke bayanta ba. In ana rabon sakaci a gidanku, rabonka ya fi na tsohuwa, kai da kake koya wa mutane amfanin karatu.

Yanzu batun akawu. Maganarsa ba haka take ba. Na kai wasiƙarka wurin wani lauya abokina, ga abin da na fahimta. Hukuma tana da ikon soke takardar fili, wannan gaskiya ne, in an saɓa sharaɗi ko in jama'a suna bukatar wurin. Amma ikon yana da hanyar da ake bi da shi, kuma Babbar Kotu tana iya duba ko an bi hanyar. Za ta tambaya ko wanda ya soke yana da ikon sokewa, ko dalilin da aka bayar yana cikin waɗanda doka ta yarda da su, ko an yi ƙoƙarin gaske a sanar da mai fili, ko an ba shi dama ya faɗi ta bakinsa. A naka lamarin, an ce an yi watsi da gona alhali hutar da ita aka yi, an ce ba a san ka ba alhali ba a tambayi dagaci ba, sannan aka yanke hukunci ba a ji daga gare ka ba. Lauyan ya ce wannan magana ce da kotu za ta saurara.

Sai dai kada ka ɗauka gonar ta dawo. Ofis zai ce ya aika masinja, ya liƙa sanarwa, ya jira wata uku, kuma mai yiwuwa alƙali ya ga hakan ya wadatar. In akwai sharaɗin da ya ce a riƙa noma wurin ba fashi, za su kama shi. Ko ka yi nasara ma, abin da kotu takan yi shi ne ta rushe sokewar, ofis kuma yana iya sake kiranka ya bi hanya daidai. Amma a lokacin kana tsaye a gabansu da bakinka da shaidunka, abin da aka hana ka ke nan tun farko. Shari'ar tana cin lokaci da ɗawainiya. Bappa yana da dalilin tsoronsa, ya ga an tashi yayansa sau uku. Ni dai ban san dokar da ta ce a kori ma'aikaci don ya nemi hakkinsa a kotu ba, muddin bai bar aikinsa ya lalace ba, amma ka tambayi lauya wannan ma, kuma ka koma ajinka.

Shawarata ka je, kuma kada ka yi jinkiri, domin irin wannan ƙara tana da wa'adi, in ya wuce ko kana da gaskiya ba za a saurare ka ba. Cikin makon nan ka ɗauki takardarka ta asali ka kai wa lauya, kada ka bar ta a hannun kowa a ofis ko da an ce za a duba ne. Ka rubuta takarda ka nemi kwafin rahoton mai duba filaye da na masinja, ka ajiye kwafin abin da ka rubuta. Ka roƙi dagaci ya shaida cewa ba wanda ya zo wurinsa cigiya. Ka samo maƙwabtan gona biyu ko uku da suka ga geronku a bara waccan suka kuma ga shanun Bappa a kanta da rani. Lauya zai iya roƙon kotu ta dakatar da ginin dindindin a wurin kafin a gama.

Samarin nan kuwa ka tsawata musu yau. Ranar da sikeli ya faɗa rijiya, ranar ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara, kuma akawun da ya yi maka dariya zai sami abin dariya na biyu. Kada a taɓa rumfa, kada a taɓa turaku. Alhaji Zailani ma kada ka mayar da shi abokin gaba. Mai yiwuwa da hannunsa a ciki, mai yiwuwa nema kawai ya yi kamar yadda ya faɗa, ba ka da shaida. Ku je masa kai da dagaci cikin mutunci ku sanar da shi za ku kotu. Ɗan kasuwa ba ya son zuba gini a wurin da ake rigima a kai.

Saura babbar tambayarka. Lauyan ya ce irin wannan shari'a yawancinta a kan takardu take, shaida yakan ba da bayaninsa a rubuce bisa rantsuwa. Za a rubuta abin da ya faru ranar, a karanta wa Inna, ta dangwala yatsa. In ma har an nemi ganinta, ba aikinta ba ne ta furta suna. Wanda ya faɗi sunan a madadin mahaifinka ranar da aka rubuta shi yana nan da ransa. Ka lallashi Bappa Ya'u ya sake faɗinsa ranar da za a nemi goge jan layin, ya kuma bayyana wa alƙali dalilin da ya sa aka tafi da shi a karon farko. Ban ga shaidar da ta fi wannan nuna cewa shirun Inna al'ada ce da kowa ya sani ba.

Don haka kafin ka hau motar birni, ka fara zuwa gida. A gaban mata ka yi mata maganar nan, to a gabansu za ka durƙusa ka janye ta. Ka kwance zanen da ta ɗaure, ka mayar mata da ƙorenta inda suke da hannunka. Sannan ka gaya mata, ko ta bakin Raliya in ba za ka iya ba, cewa ka ji saƙonta, ka gode, amma ba ka karɓa ba. Matar da ta yarda ta zubar da kunyar shekara talatin da biyu a gaban baƙi don ta dawo maka da gona ta riga ta kira ka da abin da ya fi suna. Kotu tana iya mayar maka da gonar ko ta hana ka, amma in Inna ta tafi Lakwaya da maganarka a ranta, babu alƙalin da zai soke wannan.

Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya ba Inna lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya kuma sa a ji ta bakinka.

Naka,
Malam Mijinyawa